Yadda Ake Zaɓen Giyar da Ta Dace da Gudun Babur

Da yawa daga cikin masu babur sun ɗauka cewa da zarar an tashi, abin da ya fi dacewa shi ne a hanzarta kaiwa giyar ƙarshe a zauna a kanta, ko da kuwa tafiyar ba ta wuce ta keke ba, bisa tunanin cewa hakan ne tsimin mai. Tsadar fetur tun bayan cire tallafi a Najeriya a watan Mayun 2023 ta ƙara wa wannan tunani ƙarfi, har za ka ga mutum yana ratsa kasuwa da goyo a giya huɗu, inji yana kakari, sarƙa tana fizga, shi kuwa yana ƙara murɗa totur. Akwai kuma wasu, galibi sababbin hannu, da suke mance babur a giya biyu ko uku a kan miƙaƙƙiyar kwalta, inji yana ihu har hannu ya yi sanyi saboda girgiza. Duka biyun suna cutar da inji, amma na farkon ya fi yawa kuma ɓarnarsa ba ta bayyana da wuri, shi ya sa zan fi tsayawa a kansa.

Bayanin ya fi shafar ƙananan babura masu girman inji cc 100 zuwa 150, irin su Bajaj Boxer da TVS HLX da Honda CG125 da Haojue da Jincheng, da waɗanda ake kira roba-roba, domin su ne suka cika hanyoyinmu.

Aikin da giya take yi

Injin babur ba ya ba da ƙarfi iri ɗaya a kowane lokaci. Ƙarfinsa ya danganta da saurin juyawarsa, wanda ake ƙirgawa da adadin juyi a minti ɗaya. Ƙaramin inji yakan yi juyi wajen 1,400 a minti idan an bar shi yana aiki a tsaye, kuma a nan ƙarfinsa bai wuce ya riƙe kansa kada ya mutu ba. Ƙarfin jansa yakan cika a tsakanin juyi 4,000 zuwa 6,000, iyakar abin da zai iya bayarwa kuma tana zuwa wajajen 7,500 zuwa 8,000, bayan nan sai ƙara da zafi da shan mai. Amfanin giya shi ne ta ba ka damar riƙe injin a wannan tsakiyar, ko kana tafiyar kilomita 15 a awa ko kana tafiyar 60.

A ƙaramar giya inji yana juyawa sau da yawa kafin taya ta zagaya sau ɗaya, don haka ja ya yi ƙarfi, gudu ya yi kaɗan. A babbar giya abin ya juya. Matuƙar kana cikin giya ɗaya ba ka sauya ba, juyin inji da gudun babur tare suke hawa, tare suke sauka. A ce babur ɗinka yana juyi 5,000 idan kana tafiyar kilomita 60 a giyar ƙarshe. Idan ka sauko zuwa kilomita 30 ba ka rage giya ba, juyin ya koma 2,500, idan kuwa ka sauko zuwa 20 ya koma ƙasa da 1,700, wato dab da abin da yake yi a tsaye. Wanda yake ɗauke da goyo a wannan hali yana neman cikakken aiki ne daga injin da ƙarfinsa bai ma fara zuwa ba.

Mataki na farko: ka san tsarin giyar babur ɗinka

Kafin maganar wace giya ce ta dace, wajibi ne ƙafarka ta san inda kowace take ba tare da ka duba ba. Tsari uku ne suka fi yawa. A na farko, giya ɗaya tana ƙasa, sauran ana ɗago su sama, firi kuma yana tsakanin ɗaya da biyu. Wannan shi ne tsarin manyan babura da wasu masu giya biyar. A na biyu, firi yana can farko, duk giyoyin kuma gaba ake taka su ɗaya bayan ɗaya, a dawo da su da diddige. Na uku shi ne mai zagayawa, wanda aka fi samu a roba-roba, inda takawa ɗaya bayan giya huɗu take mayar da kai firi, ta biyu kuma ta jefa ka giya ɗaya. Wasu kamfanoni sun sa abin da ke hana hakan faruwa idan babur yana tafiya, amma ba kowane babur ke da shi ba, kuma faɗawa giya ɗaya a kan gudun kilomita 50 na iya kulle tayar baya nan take. Duk wanda ya ari babur ko ya sayi sabo, ya tambayi tsarinsa da adadin giyoyinsa kafin ya hau titi.

Roba-roba ba shi da hannun kuloci, domin kulocinsa da kansa yake kamawa idan juyin inji ya ƙaru, tsarin da Honda ta yaɗa da babur ɗinta Super Cub tun 1958. Wannan yana ruɗar mutane, saboda babur ɗin ba ya mutuwa ko an tashi da shi a giya uku. Rashin mutuwar ba lafiya ba ce: kulocin ne yake zamewa yana cin kansa domin ya rufe kuskuren matuƙi.

Idan agogon gudunka ya mutu, a gyara shi. Sau da yawa wayarsa ce kawai ta tsinke, kuma mataki na gaba ba zai yiwu ba sai da shi.

Mataki na biyu: ka auna ƙasa da saman kowace giya

Nemi miƙaƙƙiyar hanya marar hawa da gangara, a lokacin da babu cunkoso, kai kaɗai ba goyo, bayan inji ya ɗumama na 'yan mintuna. A kowace giya abu biyu kake nema. Na farko shi ne mafi ƙarancin gudun da babur zai tafi sumul ba fizga. Za ka same shi idan ka riƙa rage totur a hankali har ka ji sarƙa ta fara kaɗawa, sai ka dubi agogo. Na biyu shi ne gudun da girgiza take fara shiga hannu da matakin ƙafa, madubi ya fara dusashewa. Ba a buƙatar ka kai inji ƙarshen ƙarfinsa domin wannan awon, da ka ji girgizar ta fara sai ka sassauta.

A yawancin babura masu giya huɗu da inji 100 zuwa 125, abin da za ka samu ba zai yi nisa da wannan ba: giya ɗaya daga tashi zuwa kilomita 15 a awa, giya biyu daga 15 zuwa wajen 28, giya uku daga 25 zuwa 40 ko 45, giya huɗu daga 40 zuwa sama. A masu giya biyar da inji 150, ukun farko kusan haka suke, giya huɗu takan ji daɗi daga 35 zuwa 55, ta biyar kuma daga 50 zuwa sama. Waɗannan lambobi mafari ne kawai. Abin da agogonka ya nuna maka, da abin da littafin kamfanin ya rubuta idan yana hannunka, su ne gaba da su, domin nauyin matuƙi da girman taya da lafiyar inji duk suna motsa lissafin.

Za ka lura cewa iyakokin suna shiga juna. Kilomita 27 tana iya zama giya biyu ko uku, kilomita 42 tana iya zama uku ko huɗu. A waɗannan wurare ne agogo ba ya iya yanke maka hukunci, sai mataki na uku.

Mataki na uku: gwajin totur

Wannan shi ne ginshiƙin lamarin, kuma wanda ya iya shi ba ya buƙatar haddace lambobi. Yayin da kake tafiya a kan gudu ɗaya, murɗa totur kaɗan, kamar rubu'in zagayensa, ka saurari amsar babur. Idan ya ɗauka nan take cikin santsi, sautin inji ya tashi tare da gudu, to kana kan giyar da ta dace. Idan sautin ya yi kauri ya koma gurnani, babur ya yi nauyi, gudu bai ƙaru ba sai daga baya, ko ka ji ƙas-ƙas kamar ƙarfe yana taɓa ƙarfe, giyar ta yi girma, rage ɗaya. Idan kuwa babur ya zabura da ƙarfi, inji yana tsiwa, sannan da ka saki totur ya dunƙule ka gaba kamar an taka birki, giyar ta yi ƙanƙanta, ƙara ɗaya.

Ya kamata a fahimci abin da ke faruwa a cikin inji lokacin wannan gurnanin, domin shi ne ɓarnar da ba a gani. Idan ka buɗe totur sosai alhali juyi yana ƙasa, kowace fashewar mai tana dukan fistin da cikakken ƙarfi, amma abin da fistin ke turawa ba ya gudu da sauri, sai nauyin dukan ya sauka a kan boris da sandar fistin. Famfon baƙin mai kuma injin ne ke juya shi, saboda haka a ƙaramin juyi man da yake kaiwa sassan inji ya ragu a daidai lokacin da suka fi buƙatarsa. Ga zafi: waɗannan injuna iska ce ke sanyaya su, kuma a tafiyar kilomita 20 iskar da ke ratsa su ba ta da yawa, balle a zafin watan Afrilu. A waje kuma fizgar tana miƙar da sarƙa, tana cin haƙoran faifanta, tana murƙushe robobin da ke cikin tayar baya. Lamarin ya yi kama da wanda ya ɗauki buhun hatsi zai hau bene yana tsallake matakala uku-uku. Zai kai sama, amma gwiwoyinsa ne za su biya. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke kashe babur a rana ɗaya, shi ya sa idan inji ya fara hayaƙi ko ya buga bayan watanni, sai a ɗora laifin a kan baƙin mai ko bakanike.

Akwai gaskiya a maganar tsimin mai, kuma bai kamata a yi watsi da ita ba. Babbar giya tana rage shan mai, amma da sharaɗin cewa totur a buɗe yake kaɗan kuma inji yana tafiya cikin sauƙi. Da zarar sai ka murɗa fiye da rabi kafin ka riƙe gudun da kake kai, tsimin ya ƙare, abin da ya rage wahalar inji ce. Saboda haka ƙa'idar da nake ba kowa ita ce: ka zauna a giya mafi girma wadda har yanzu inji yake amsa maka a cikinta nan take, kada ka haura ta.

Mataki na huɗu: giyar kowace irin tafiya

A cikin cunkoso, inda tafiya ba ta wuce kilomita 10 zuwa 20 ba, giya ɗaya da biyu ne wurinka. Ɗaya ta tashi ce da rarrafe, biyu kuma ita ce ta ratsa kasuwa da lungu. Kuskuren da aka fi yi a nan shi ne a zauna a giya uku ana riƙe da rabin kuloci domin kada inji ya mutu. Ɗan riƙe kuloci na daƙiƙa biyu ko uku a wajen tashi ko juyawa ba laifi ba ne, domin yana cikin baƙin mai, amma mayar da shi madadin rage giya yana ƙona faifansa.

Tafiyar cikin gari tsakanin kilomita 25 zuwa 40 ta giya uku ce, kuma a ganina ita ce giyar da aka fi zalunta, domin mutane suna ɗaukar ta a matsayin mashiga kawai zuwa ta huɗu. A titin da yara ke tsallakawa, Keke Napep ke tsayawa ba sigina, awaki ke faɗowa, giya uku tana ba ka abu biyu da ta huɗu ba za ta ba ka ba a wannan gudun. Idan ka saki totur, inji da kansa yana rage maka gudu kafin hannunka ya kai birki, idan kuma kana buƙatar kaucewa da sauri, babur yana amsawa ba jinkiri. Ɗan man da za ta sha fiye da ta huɗu bai kai darajar wannan ba.

Daga kilomita 40 zuwa 50, a hanyar da ta buɗe kuma kana hango gabanka da nisa, mai giya huɗu ya shiga ta huɗu ya sassauta hannu. Nan ne ƙaramin babur ya fi tsimin mai kuma ya fi samun hutu. Mai giya biyar ya tsaya a ta huɗu har sai allura ta kai wajen 50 kafin ya nemi ta biyar, kuma idan hanyar ta cikin gari ce mai yawan tsayawa, yana iya wuni bai taɓa ta biyar ba, babu asara a hakan. Ƙa'idar hanya ta Najeriya, wadda Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ke kula da ita, ta ƙayyade wa babur kilomita 50 a awa, a cikin gari da kan manyan hanyoyi na yau da kullum, kuma wannan gudun ya yi daidai da inda injin yake jin daɗi.

Sama da haka babu sauran zaɓi, giyar ƙarshe ce, abin lura ya koma kan totur. Turjiyar iska tana ninkuwa huɗu idan gudu ya ninku biyu, shi ya sa ƙaramin babur yake shan mai sosai daga kilomita 70 zuwa sama alhali ƙarin gudun kaɗan ne. Riƙe totur a ƙarshensa na tsawon tafiya, misali daga Kano zuwa Wudil, yana tara wa injin da iska ke sanyayawa zafin da ya fi ƙarfinsa. A doguwar tafiya a bar wa totur sarari, kada ya wuce kashi uku cikin huɗu, a kuma tsaya lokaci-lokaci inji ya sha iska.

Manyan babura masu giya shida da agogon juyin inji lissafinsu ɗaya ne, lambobin ne suka bambanta. A cikin gari giya uku ko huɗu suke so, ta shida kuwa ta babbar hanya ce. Masu manyan silinda biyu sukan yi tafiya cikin natsuwa a juyi 2,500 zuwa 3,500, masu silinda huɗu da inji 600 kuma sukan so fiye da haka. Gwajin totur yana aiki a kansu kamar yadda yake aiki a kan Boxer.

Mataki na biyar: ka gyara lissafi idan nauyi ko hanya ta sauya

Duk lambobin da suka gabata na mutum ɗaya ne a shimfiɗaɗɗiyar hanya. Da ka ɗauki goyo ko buhu, ka ƙara wa kowace iyaka kilomita 5 zuwa 10. Wanda yake shiga giya huɗu a 40 idan shi kaɗai ne, ya jira 45 ko 50 idan yana ɗauke da buhun masara, kuma ya daɗe a giya ɗaya wajen tashi har babur ya miƙe sosai.

A hawa, a rage giya tun daga gindin tudu, tun gudu bai mutu ba. Wanda ya jira sai inji ya fara kakari a tsakiyar hawa zai rasa sauran gudunsa a lokacin da ya kama kuloci, sau da yawa sai ya rage biyu a maimakon ɗaya. Alamar ita ce idan kana ƙara totur amma allura tana sauka, lokacin ragewa ya riga ya yi. Tsayin ƙasa ma yana da tasiri, domin iska tana raguwa da kauri a kan tsaunuka kuma inji yana rasa kusan kashi 3 cikin 100 na ƙarfinsa a kowace mita 300. A Jos, mai tsayin kusan mita 1,200, babur ya rasa fiye da kashi ɗaya cikin goma, a tsaunin Mambila kuma abin ya fi haka. Wanda ya zo da babur daga Lafiya ko Jalingo ya ji ya yi sanyi, ba lalacewa ya yi ba, ƙaramar giya yake nema. Haka nan iskar hunturu idan tana bugo ka ta gaba: mai giya biyar zai ga ta huɗu ta fi riƙe masa gudu.

Gangara ita ce wurin da zaɓen giya ya zama maganar rai. A sauka da giyar da za a hau wannan tudun da ita, a saki totur, a bar inji ya riƙe babur, birki ya zama mataimaki ana taɓa shi ana saki. Al'adar sa firi, ko kama kuloci, ko kashe inji a gangara domin tsimin mai, mummunar al'ada ce. Yawancin ƙananan babura birkin ganga gare su, wanda idan aka daɗe ana danne shi yake yin zafi ya daina kamawa yadda ya kamata, kuma a doguwar gangara mai kwana irin ta Hawan Kibo a hanyar Jos zuwa Akwanga, wanda birkinsa ya yi zafi yana firi ba shi da abin da zai tsayar da shi. Man da inji ke sha a gangara da totur a rufe ɗan kaɗan ne ƙwarai, bai kai abin da za a sayar da rai a kansa ba. Mai babur mai hayaƙi irin AX100 ya sani cewa injinsa ba ya riƙewa kamar sauran, don haka ya shiga gangara da ƙaramin gudu tun daga sama.

A kwana da shataletale, a gama rage gudu da rage giya tun babur yana miƙe, a shiga da giyar da za a fita da ita, galibi biyu ko uku, a riƙe totur kaɗan har a fita. Sauya giya a tsakiyar kwana yana girgiza tayar baya a lokacin da take kwance, musamman idan akwai yashi a kan kwalta. Wajen wuce mota kuma a rage giya ɗaya kafin a fita daga bayanta, domin a taƙaita zaman da za a yi a hannun masu tahowa. A yashi da taɓo giya biyu ta fi dacewa, da totur a tsaye wuri ɗaya, ba ƙari ba ragi, saboda giya ɗaya tana sa taya ta yi ta haƙa, ta uku kuma tana mutuwa da zarar yashin ya yi zurfi. A burji mai kunya-kunya, giya uku a matsakaicin gudu ta fi sauƙin riƙewa.

Mataki na shida: sauyawar kanta

Wajen ƙara giya, a saki totur, a kama kuloci, a taka sau ɗaya da tabbaci, a saki kuloci cikin santsi tare da dawo da totur. Duka wannan bai kamata ya wuce daƙiƙa ɗaya ba, domin jinkiri yana sa juyin inji ya faɗi, babur ya yi tsalle idan an saki kuloci.

Rage giya ya fi buƙatar kulawa, domin giyar da za ka shiga tana son inji ya juya da sauri fiye da yadda yake. A fara rage gudu zuwa iyakar giyar da ake nema, a kama kuloci, a ɗan taɓa totur inji ya ɗaga murya, a taka, sannan a saki kuloci a hankali. Idan an yi daidai, goyo ba zai ma san an sauya ba. A riƙa ragewa ɗaya bayan ɗaya ana sakin kuloci a tsakani, kada a tattaka uku a jere a saki lokaci guda, musamman a jiƙaƙƙiyar kwalta. Idan za a tsaya a danja, a sauko da giyoyin tun babur yana ɗan motsi, domin akwatin giyar babur ba ya son a yi ta taka shi a tsaye. Mai roba-roba ya saki totur gaba ɗaya kafin kowace takawa, ya kuma ɗaga ƙafarsa daga kan giyar a hankali wajen ragewa, saboda takawar ce take buɗe kulocin.

Idan lambobin sun daina daidaituwa

Wani lokaci za ka ga babur ya daina bin iyakokin da ka auna. Idan ka murɗa totur a giyar ƙarshe inji ya ɗaga murya amma gudu bai ƙaru ba, kuloci ne yake zamewa. A fara duba wayarsa, domin hannun kuloci yana buƙatar ɗan sarari kafin ya fara ja, idan ba ita ba ce to faifan ya cinye. Idan babur yana fizga a gudun da a da yake tafiya sumul, a duba sarƙa ko ta saki, sannan fulogi da matatar iska, wadda ƙurar hunturu ke toshewa da wuri. Taya marar isasshiyar iska ma tana sa giyar ƙarshe ta yi nauyi.

Wasu sukan sauya faifan sarƙa domin su sami gudu. A ce na gaba yana da haƙora 14, na baya 42, wato na gaba yana zagaya uku kafin taya ta zagaya ɗaya. Idan aka sa mai haƙora 15 a gaba, lissafin ya koma 2.8, juyin inji ya ragu da kusan kashi 7 cikin 100 a kowane gudu, kuma ƙarfin ja ya ragu da wannan adadin. Haƙori ɗaya a gaba ya yi daidai da kusan uku a baya. Wannan yana amfanar wanda ke doguwar tafiya shi kaɗai a shimfiɗaɗɗiyar kwalta, amma ga mai ɗaukar kaya ko mazaunin tudu cutarwa ce, domin zai riƙa faɗawa cikin gurnanin nan a giyar ƙarshe, kuma ƙaramin inji sau da yawa ba ya iya kai gudun da aka yi sauyin dominsa. Duk wanda ya sauya faifai, ko ya sa taya mai girman da ba na kamfani ba, ya koma mataki na biyu ya sake awo.

Sabon babur, ko wanda aka sauya wa fistin da ringi, yana buƙatar sassauci a kilomita 500 zuwa 1,000 na farko. A wannan lokacin kada a kai totur ƙarshe, kada a bar inji ya yi kakari a babbar giya, kuma kada a daɗe a kan gudu ɗaya. A riƙa sauya giya ana hawa ana sauka a tsakiyar iyakokinta, a guji kaya mai nauyi, a kuma juye baƙin mai na farko a lokacin da littafin kamfanin ya faɗa.